Ƙirgar tsuntsayen 2024, da layin da na bar wa ungulu

Litinin, 1 ga Janairu

Na buɗe sabon littafi yau bayan sallar asuba. Irin na 'yan makaranta ne mai taurin bango, na raba kowane shafi gida uku: lamba, sunan tsuntsu, sai rana da wurin da na fara ganinsa. Bara ma na fara, na kai 94, azumi ya zo na ajiye, daga nan ban sake bi ta kansa ba. Bana na ɗaura niyyar kaiwa Disamba, kuma na sa wa raina 250. Nau'in tsuntsayen da aka taɓa gani a Nijeriya sun haura 900, ka ga ko na cika burina ban kai sulusi ba.

Sharaɗina uku ne. Tsuntsu ya kasance da ransa, ya kasance ba a hannun kowa yake ba, kuma idona ya gan shi. Saboda haka tantabarun maƙwabcinmu ba sa ciki, haka kanarin da ke keji a shagon mai aski, haka na gidan zu. Kowane iri sau ɗaya ake rubuta shi a shekara, ko guda na gani ko dubu.

Daga tsakar gida zuwa bakin masallaci na sami 16 kafin hantsi. Kurciya ce ta ɗaya, don ita na fara gani a kan katanga. Sai hasbiya, gwara, bainu yana tsintar tsaki a gindin turmi, hankaka, shirwa, tsattsewa, balbelu a jere suna wucewa, cilakowa a kan darbejiya, da tsiriya uku da suka ratsa da ihunsu kamar an koro su.

'Yata mai shekara 10 ta leƙo ta karanta, ta ce, "Abba, ina ungulu?" A littafin Hausa na makaranta ta san sunan. Na ce mata ungulu ba abar nema ba ce, duk ranar da na bi ta mayanka zan rubuta. Na bar mata layi guda a ƙasan shafin farko, ba lamba, don in cike a satin nan.

Asabar, 20 ga Janairu

Ina kan 53. Hazo ya yi yawa, tabaran hangen nesan nan duk minti kaɗan sai na goge shi da bakin riga, abin da aka ce kar a yi don yana karce gilashi. Yawanci a bakin kogin Challawa na samu: zakaran ƙeƙuwa da ke tashi da kwarmato tun kana nesa, ragon maza a cikin duhuwa, tsanwaka, bardo, da alhudahuda guda ɗaya yana caccakar ƙasa a gonar da aka girbe.

Sau biyu ina zuwa mayanka. Shirwa ta cika sama, hankaki da balbelu sun cika juji, ungulu ko ɗaya. Na tambayi wani dattijon mahauci, ya tsaya da wuƙa a hannu yana tunani, ya ce, "Wallahi Malam, sai da ka faɗa na tuna. Rabona da ita na manta." Ni da na tashi ina ganinsu jere a kan rumfunan kasuwa kamar tsofaffi a majalisa, ana korarsu suna tafiyar ƙasaita, ban san ranar da na daina ganinsu ba.

Shirwa ta ba ni aiki. Tamu ta gida bakinta rawaya ne. Akwai kuma mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai da rani. Masana kansu sun rabu, wasu na cewa iri biyu ne, wasu na cewa ɗaya. Na rubuta ɗaya, don ba na son a ce na ci riba da saɓanin malamai.

Wani abu ya faru a wani ƙauye da ba zan ambata ba. Ina tsaye ina hangen wata tsamiya, sai ga samari huɗu 'yan sa-kai sun kewaye ni, ɗaya ya riƙe igiyar tabaran. A zamanin nan na infoma, baƙo da abin hangen nesa da littafi yana rubutu, ban ga laifinsu ba, ko da yake gabana ya faɗi. Aka kai ni wurin mai unguwa. Na miƙa littafin, ya karanta "kurciya, hasbiya, gwara", ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Da na ba shi tabaran ya hangi cilakowa har ƙwayar idonta, sai da aka yi da gaske ya sake shi. Daga yau duk garin da na shiga sai na fara gaida mai gari.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Kwana biyu a fadamun Haɗeja da Nguru, ni da ƙanena da ya ba da mota. Mun bi ta Malam Madori da Birniwa. Na tafi da 61, na dawo da 119, kuma na san ba zan sake samun tsalle irin wannan ba a shekarar nan.

Jiya da sassafe wani dattijo ya ɗauke mu a kwalekwale. Kirinjijiya ce ta fara yi mana maraba, ɗaruruwa, suna fito. Dinya na can gefe, manya, ba sa yarda a matso. A cikinsu akwai baƙin da na zo dominsu. Wata 'yar ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira garganey, namijin yana da farin layi daga ido zuwa ƙeya kamar an ja da alli, a Turai da Rasha take ƙyanƙyasa, ta ƙetaro Sahara ta yi rani a nan. Haka wasu masu dogayen ƙafafu da ke bin gonakin shinkafa suna tsintar abin da ya zube, su ma daga can arewacin duniya. Baba mai kwalekwale ya san lokacin zuwansu da na tafiyarsu sarai. Da na ce masa daga ƙasar Rasha suke, ya ce, "To, Allah mai iko. Su ba a tambayarsu fasfo."

Inda muka yi muhawara shi ne zalɓe. A wurina layi biyar ne: mai toka-toka, mai baƙin kai, mai jan wuya siriri da ke ɓuya a ciyawa, wani gajere mai ruwan ƙasa wanda in ya tashi sai ka ga fari fat, da wani baƙi ƙirin. Baba ya ce, "Malam, duk zalɓe ne, kai dai kana son cika littafi." Amma da na matsa, sai ga shi ya san kowanne da inda yake tsayawa da irin kifin da yake ci, har ya fi ni. Suna ne kawai bai raba musu ba. A gidan suna na littafina yanzu Hausa ce a gaba, sai siffa, sai sunan da ke cikin littafin gane tsuntsaye, don in ba haka ba ni kaina zan rikice a Disamba.

Baƙin zalɓen nan shi ne abin kallon tafiyar. Bai fi taku 15 da mu ba. Ya yi sauri cikin ruwa iya idon sawu, ya tsaya cak, sai ya watso fikafikansa gaba ya haɗa su a kan kansa kamar lema, ya sunkuya a ciki. Ya ɗan jima, ya buɗe, da ƙaramin kifi a baki. Ya ƙara gaba ya sake. Na ƙirga sau 11. Da ya ɗaga ƙafa na ga yatsunsa rawaya ne. Ƙanena, wanda tun daga Kano yake yi mini tsiyar na ƙona masa fetur a kan tsuntsu, shi ne ya ce Baba ya daina tuƙi.

Kachala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta ci wurin. Mashigai da dama Baba ya nuna mana ya ce da ta nan ake bi, yanzu ko kai ba ya shiga. Tun da aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar kogin Haɗeja ta sauya hali: malalar damina ta ragu, ruwa kuma yana kwana a wuraren da a da suke bushewa da rani, kachala kuwa abin da take so ke nan. Yau mun leƙa Dagona a ƙasar Bade, wurin da Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya ziyarta a 1989. Kwasakwasa na yi fata, ban samu ba. Na sami jinjimi.

Na tambayi Baba gauraka. Ya ce yana yaro akwai. Gaurakar da na gani a bana biyu ce, a gidan wani attajiri a Kano, an yanke musu fiffike suna zagaye tsakar gida. Tsuntsun da ake kira na ƙasa ke nan, kuma ba su shiga littafi ba.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi na 13. A nan na faɗi bara. Bana ban fita ba, amma na ajiye tsohon faranti da ruwa a gindin lemon tsakar gida, ina zama daga inuwa bayan la'asar. Zafi ya kawo mini su har gida: asisi mai shuɗi da jan ɗigo a kumatu, da wani ɗan tsuntsu mai jan layi a maƙogwaro kamar an yanka shi.

Mujiya ta yi sati biyu tana kuka a bayan gida. 'Yata ta ce in rubuta tunda na san ita ce. Na ce sharaɗi ido ne. Shekaranjiya da sahur na fito alwala, ta ratsa ta gaban fitilar waje, fara, ba ko motsin fiffike. Uwargida ta yi a'uziyya, ni na je na ɗauko biro. 124.

Asabar, 27 ga Afrilu

Shamuwa ta iso. Guda bakwai a kan kukar bakin kasuwar ƙauyenmu, na je gaida Inna na same su. Daga kusa ba baƙa ce kawai da farin ciki ba: fuskar shuɗiya ce, da ɗan ja a gaban ido, bayan kuma yana walƙiya in rana ta doke shi. Ta yi rani a kudancin Afirka, ta biyo ruwa ta dawo yin sheƙa.

Inna ba ta yi mamakin littafina ba kamar sauran mutane. Ta ce ai su ma suna lura, in shamuwa ta sauka sai maza su fara gyaran gona, a duba iri a rumbu, kuma ba yaron da ya isa ya jefe ta. Na ce, "Inna, bara yaushe ta zo?" Ta ce bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki. Shekarar da ta gabace ta fa? Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya riƙe?" Wannan ya sa na buɗe wani shafi a bayan littafin don ranar zuwa da ranar tafiya. Ina ganin in Allah ya ba ni shekara goma ina yi, shafin nan zai fi jimillar amfani, don jimilla ba ta nuna komai sai yawan fetur ɗin da mutum ya ƙona.

Baƙin Turai sun tafi. Na koma bakin Challawa ranar Laraba, wayam. 131.

Asabar, 11 ga Mayu

Yau ce ranar da masu kallon tsuntsaye a duniya suke fita gaba ɗaya, kowa ya tura abin da ya gani a eBird, shafin intanet da ake tara bayanan tsuntsaye. Na yi yinina a gonakin shinkafa na Kadawa da Kura, na ƙarasa Tiga da yamma. Iri 68 a yini guda, 15 daga ciki sababbi. 148.

Na kuma cika kati guda na aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 kowane gefe, ka yi aƙalla awa biyu a ciki kana shigar da duk abin da ka gani a manhajar BirdLasser. Can ba ruwansu da ko ka taɓa ganin kurciya a bana, kurciyar Kura daban, ta Bichi daban. Wayar ta mutu da azahar, littafi ya ci gaba.

Jan baki ya shiga a lamba 140. Na ga garken daga nesa na zaci hayaƙi ne, yana murɗawa yana sauka a kan shinkafa. Yara suna jan igiyoyin da aka rataya wa gwangwanaye, muryarsu duk ta dishe. Mai gonar ya tambayi abin da nake yi, na gaya masa. Ya ce, "Ƙirga su kake yi? To don Allah Malam in ka gama ka kwashe abinka." Ban yi dariya sosai ba, don na ga zangarniyar da suka bari. A littafina layi ɗaya suka ci, daidai da baƙin zalɓen Nguru.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na soke ɗaya. A watan Maris na rubuta shaho iri biyu a Goron Dutse, mai jan ƙeya da kuma mai baƙin kai da kaurin saje, wanda ya fi wuyar samu. Na biyun na ɗauke shi hoto da waya ta cikin tabarau. Jiya na tura hoton zaurenmu na WhatsApp ina taƙama, ba a yi minti biyar ba wata ɗaliba daga Jos ta ce, "Malam, a ƙara duba ƙeyar." Na buɗe hoton sosai. Ja ce. Tsuntsu ɗaya na rubuta sau biyu, don raina yana son na biyun.

Na ja layi a kai, ban goge ba. Gyaran lambobin da suka biyo baya ya ci mini rabin awa. 147.

Asabar, 1 ga Yuni

Tun muna yara muke jin "hankaka mai da ɗan wani naka", har ana cewa hankaka ba ya ƙwai, na wasu yake sata ya ƙyanƙyashe. Yau na ga tushen maganar da idona, sai dai an juya ta. A kan wata giginya kusa da makarantarmu hankaka biyu suna ciyar da wani ɗa da ba shi da alaƙa da su: siriri, dogon bindi, baƙar hula, fikafikai da ɗigon fari da ɗan ja-ja, ƙirji ruwan madara. Yana buɗe baki yana kyarma, hankaka yana dura masa.

Ba hankaka ne ɓarawon ba, shi aka yi wa dabara. Uwar ɗan ce take faki ta saka ƙwanta a sheƙarsa ta yi gaba. Wanda ya fara yin kirarin nan ya ga abin da na gani yau, ya dai ɗora laifin a kan wanda ya fi kama da mai laifi. Na tsayar da ɗalibai uku na ba su tabarau, ɗaya ya ce, "Malam, ashe hankakan ne wawa."

152. Mazan marai sun yi baƙin kai suna saƙa, mulufi ya fara ja a bakin fadama. Ba sabbin layi ba ne, tun rani na rubuta wasunsu suna cikin tufafin talakawa, da ƙyar na gane su.

Asabar, 3 ga Agusta

Dokar hana fita, muna gida. Yuli ya ba ni 13, yawanci masu zuwa da damina, har da zalaidu yana jan bindinsa a sama kamar ya fi ƙarfinsa. Daga tsakar gida yau na ƙara guda: wani ɗan baƙi mai sheƙi da farin baki a kan wayar lantarki. Shi ma ɗan cin amana ne, a sheƙar bainu ake renonsa, har kukan bainu yake kwaikwaya. 166.

Kuɗin mota ya sa na soke tafiya fadamar Baturiya. Layin ungulu yana nan. 'Yata ta daina tambaya.

Asabar, 7 ga Satumba

Kwana uku a Jos kafin a koma makaranta. Dajin Amurum yana kusa da ƙauyen Laminga, a nan cibiyar APLORI take, duwatsu da kurmi da ciyawa a ɗan wuri kaɗan. Ga mutumin Kano kusan komai sabo ne. Kazar dutse tana gudu da bindi a ɗage, wani babban tsuntsu mai ruwan shunayya wanda in ya buɗe fiffike sai ka ga ja kamar garwashi, masu shan furanni iri-iri da sai da na sha wuya kafin na raba su. Na ga ɗalibai suna ciro tsuntsaye daga raga mai laushi, su auna, su sa musu zobe a ƙafa, su saki. Waɗanda na gani a hannu ban rubuta ba sai da na sake ganinsu a sake.

Abin da ya kai ni shi ne bainun dutse. Sai a 1998 masana suka tabbatar da shi a matsayin iri mai zaman kansa, daga nan tsaunukan Jos. Da safiya ta biyu na same shi a gindin wani dutse: jan baya, kai mai toka, baki shuɗi-shuɗi, ba irin jan bakin bainun gidanmu ba. Shi ma yana da nasa ɗan baƙin da ke saka masa ƙwai, kuma da ido ba ka raba wannan da 'yan'uwansa, sai da kukan da yake kwaikwaya. Wani ɗalibi ya nuna mini ya ce shi ne. Na ƙi rubutawa, don kunnensa ne ya gane, ba nawa ba. Washegari na zauna awa biyu ina sauraren bainun, sannan na koma gindin itacen da baƙin yake. Na ji muryar a cikin surutunsa. Na rubuta, amma na sa ɗan tauraro a gefe.

211.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ranar 29 ga Satumba na yi wa shamuwa ganin ƙarshe, sun taru da yawa suna jewa sama-sama. Baƙin Turai kuma sun fara dawowa, masu rawayan ciki suna bin ƙafafun shanu suna kaɗa bindi. Duk na riga na rubuta su a Fabrairu, sai shafin baya kawai suka shiga. Yanzu sai in yi fita uku ban ƙara ko ɗaya ba. Carki na samu a bayan wani bijimi a hanyar Wudil, wanda a da ko kallo bai ishe ni ba, yau har da hamdala. 217.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na ga ungulu, amma ba za ta shiga ba.

A wata kasuwa ce, layin masu kayan magani. Tsakanin fatar damo da ƙahonni da busassun hawainiya, ga kawuna uku a jere a kan buhu, ga guda sukutum an busar da ita, fikafikan a ɗaure da zare. Na gane siririn bakin nan. Na tsuguna kamar mai saye, na tambayi kuɗin kai ɗaya. Abin da ya faɗa ya kusa kuɗin buhun masara. Na ce ina ake samo su, tunda mu nan ba ma gani? Ya ce daga nesa, wani lokaci har ƙetaren iyaka, shi ya sa take tsada. Masu neman sa'a da masu neman asiri ne ke saye.

Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun nan tamu a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe tana kashe su da yawa a lokaci guda, cinikin sassan jikinsu yana ƙarasa sauran, ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Muna ta cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, ɗalibaina suna rubuta karin maganar a jarrabawa suna cin maki, kuma da na tambayi aji guda mai yara sama da 60, biyu ne suka ce sun taɓa ganinta, ɗayan ma da na bincika shirwa yake nufi.

Ban gaya wa 'yata abin da na gani a kasuwar ba. 219.

Asabar, 28 ga Disamba

Yankari, da iyali gaba ɗaya, kuɗin da na tara tun Satumba. Yara sun tare a ruwan ɗumi na Wikki, gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun ƙaramin, an sha kuka. Ni na shiga motar zagaya daji sau uku.

Gaɓar kogin Gaji ta biya ni. Masu cin zuma masu jan maƙogwaro sun huda bangon gaɓa ramuka-ramuka suna shiga suna fita. Zabin daji garke guda. Gaggafa tana tafe a sama kusan ba bindi, tana karkata hagu da dama kamar mai tafiya a kan igiya. Sai burtu, guda uku, suna takawa a ƙonannen fili da natsuwa, baƙaƙe, girman talotalo, namijin da ja da shuɗi a wuya. Na sha ganin kan burtu a goshin maharba ranar hawan salla, na sha jin "shigar burtu", amma mai kan da ransa sai jiya. Da suka tashi ne farin fiffiken ya bayyana.

Yau wajen ƙarfe 11, iska ta fara ɗumi, 'yata ta ja hannun rigata ta nuna sama. Wani abu yana jewa can ƙololuwa, fikafikai masu faɗi a miƙe, gajeren bindi, ba ya kaɗawa. Na sa tabarau. Hazo ne tsakanina da shi, baƙar inuwa kawai nake gani. Mai yi mana jagora ya ce ungulu ce. Na ce wace iri, tamu ta kasuwa ko babbar ta daji mai farin baya? Ya ce daga nan ba za a sani ba. Na bi shi da ido har wuyana ya ƙage, ya yi yamma ya shige hazo.

"Abba, rubuta mana." Na ce ban ga kan ba, ban ga wuyan ba. Ta ce ai jagora ya faɗa. Na tuna mata shahon Goron Dutse. Ta yi fushi har muka koma masauki. Na rubuta da fensir a shafin baya, inda alamun tambaya suke, ta zama ta huɗu a wurin.

242.

Talata, 31 ga Disamba

Da magariba na fita bayan gari neman ko ɗaya, na sami yautai kwance a kan turba, idonsa yana ja a hasken babur. 243 ke nan, saura 7 in cika abin da na sa wa raina. Na bi littafin daga farko na sake ƙirgawa sau biyu, lissafi ya yi daidai. Kusan rabi daga tafiya uku suka fito, Nguru da Jos da Yankari. A cikin Kano da kewayenta kati 22 na tura wa masu taswira, ba ungulu a ko ɗaya.

Na sayo littafi biyu, don 'yata ta ce ita ma za ta yi nata, kuma a nata jagora in ya faɗa an gama. Ta riga ta ja layukan. Wani abokin aikina ya ce a garinsu, can kudancin Bauchi, yana jin har yanzu ana ganin ungulu ranar kasuwa a bayan rumfar mahauta. Kasuwar ran Alhamis take ci. Na ce ya tambayar mini mai gari.